Yadda mai bi zai tsaya a gaban jarraba da farmakin Shaiɗan

Da an ce yaƙin ruhaniya a yawancin majami'unmu, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne kwanan addu'a, da ɗaga murya, da tsawata wa mugayen ruhohi har gari ya waye. Ba na raina kwanan addu'a. Amma a tambayi duk dattijon da ya daɗe a majalisar ikilisiya, su wane ne ake sa wa horo? Ma'aji ne da ya taɓa kuɗin baiko da niyyar zai mayar in albashi ya shigo. Shugaban mawaƙa ne da ya saba raka wata 'yar'uwa gida bayan koyon waƙa. Uwa ce a Zumuntar Mata da ɗanta ya daɗe a kwance, maƙwabciya ta raɗa mata cewa akwai wani mutum a bayan gari, aikinsa kamar yankan wuƙa. Babu ɗayansu da ya ga mai ƙaho da wutsiya. Da rana tsaka aka ci su da yaƙi, sannu a hankali, kuma da hannunsu suka zare sakata.

Don haka wannan jagora ta fi ba da ƙarfi ga abin da za ka yi ranar Talata da la'asar, a shago ko a ofis ko a gona. Zan riƙa cewa "ka", amma 'yar'uwa, har da ke nake.

Da fari, ka gane abin da ke gabanka

Muna yawan tattara abubuwa huɗu mu kira su da suna ɗaya, alhali maganinsu ya sha bamban.

Akwai sha'awar zuciyarka. Yakubu 1:13-15 bai yi ɓoye-ɓoye ba: kada wanda ake jarabta ya ce daga Allah ne, domin muguwar sha'awar mutum ce ke jansa, in ta yi ciki ta haifi zunubi, zunubi kuma in ya girma ya haifi mutuwa. "Shaiɗan ne ya sa ni" tsohuwar magana ce. Tun a Farawa 3 Adamu ya ɗora wa matarsa, ita kuma ta ɗora wa maciji, kuma babu wanda wannan ya wanke.

Akwai gwaji, wato wahalar da ta same ka ba da laifinka ba: rashin aiki, rashin haihuwa, gonar da aka cinye. Wannan jimrewa yake bukata, ko da yake Shaiɗan yana son ya hau kansa ya sa ka zagi Allah, kamar yadda ya nema ga Ayuba.

Akwai kuma farmakin magabci kai tsaye. Shaiɗan ba tatsuniya ba ne. Bitrus ya kwatanta shi da zaki mai ruri da ke zagayawa yana neman wanda zai cinye (1 Bitrus 5:8). Yesu ya kira shi uban ƙarya (Yahaya 8:44), Wahayin Yahaya 12:10 kuma ya ce shi ne mai ƙarar 'yan'uwa. Lura da makamansa: ƙarya, tsoratarwa, da zargi. Lura kuma cewa a labarin Ayuba sai da ya nemi izini, aka kuma yanka masa iyaka.

Na huɗu shi ne jiki kawai. Bayan nasarar Dutsen Karmel, Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19). Mala'ikan da aka aiko bai fara da wa'azi ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake tayar da shi ya ci. Sai daga baya Allah ya yi masa magana a Horeb.

To, kafin ka fara tsawatawa, tambayi kanka: akwai abin da raina ke marmari a cikin wannan al'amari? Wace ƙarya ake raɗa mini game da Allah ko game da kaina? Yaushe rabona da barci mai kyau da abinci? Amsar za ta nuna maka inda za ka sa ƙarfi.

Nemo tsagar bangonka

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane mai bi yana da tasa tsagar, kuma ba ta cika canjawa ba. Ɗauki takarda da biro, ka tuna lokutan baya-bayan nan da ka faɗi cikin abin da ke damunka. A gaban kowanne rubuta ƙarfe nawa ne, kana ina, kana tare da wa, kuma yaya zuciyarka take kafin abin ya faru: fushi, kaɗaici, gajiya, talauci, ko kuwa murnar kuɗi sun shigo. Za ka ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Wani daren ranar albashi ne. Wani bayan sun yi cacar baki da matarsa. Wata duk lokacin da ta dawo daga bikin ƙawa ta ga kayan ɗaki.

Karanta 2 Sama'ila 11 da wannan ido. A lokacin da sarakuna ke fita yaƙi, Dauda ya zauna a Urushalima. Da yamma ya tashi daga gado yana yawo a kan soro. Ya gani. Ya aika a tambayo. Aka ce masa matar Uriya ce, sojansa da ke bakin daga. Duk da haka ya aika a kawo ta. Daga nan sai ƙarya, sai shirya kisa. A kowane mataki akwai ƙofar fita, amma kowace ta fi ta bayanta ƙunci. Alkawarin 1 Korantiyawa 10:13 gaskiya ne, Allah ba zai bari a jarabce ka fiye da ƙarfinka ba, kuma zai buɗe mafita. Sai dai mafitar ta fi faɗi a farkon hanya.

Toshe ta tun hankalinka yana kwance

Nan ne yawancin aikin yake, kuma nan ne mutane ke ja da baya, domin akwai asara a ciki. Romawa 13:14 ya ce kada a yi wa halin mutuntaka tanadi. Yesu ya yi maganar ƙwaƙule ido da yanke hannu (Matiyu 5:29-30), ba don mu ɗauki wuƙa ba, sai don mu san cewa akwai abin da rabuwa da shi zai yi zafi amma dole ne.

In caca ce, goge manhajar bai isa ba, minti biyu za ka sake sauke ta. Rufe asusun gaba ɗaya, ka fita daga zaurukan WhatsApp da ake turo lambobin wasa, ranar albashi kuma ka biya kuɗin haya da na makaranta da na abinci kafin rana ta faɗi. Wanda abin ya yi masa nisa, ya miƙa wa matarsa ko wani amintacce katin cirar kuɗinsa na wasu watanni. Abin kunya ne? Bai kai kunyar ranar da manhajar bashi za ta tura wa duk lambobin wayarka saƙo cewa kai macuci ne ba.

In hotunan batsa ne, waya ba za ta kwana a ɗakin da kake kwana ba. Sa ta caji a falo, ka sayi ƙaramin agogo in don tashi ne. In wata ce ko wani ne ke motsa maka zuciya, daina hirar dare, daina rage hanya ku biyu, daina zama mai ba ta shawara a kan matsalar aurenta. Akwai matar fasto da iyayen Zumuntar Mata don wannan aiki. Duk saƙon da za ka goge don kada matarka ta gani, ka riga ka san matsayinsa.

In giya ce, canja hanyar dawowa daga kasuwa, ko da za ta ƙara maka tafiya, kada ka bi ta gidan burukutu kana cewa gaisawa kawai za ka yi. In ƙwaya ce, al'amarin ya wuce ƙarfin niyya, domin jiki ya saba. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau matasanmu, har da 'yan Makarantar Lahadi na jiya, suna samun shi da tiramadol a lungu. Mai wannan fama yana bukatar addu'a da likita a tare.

In kuɗin ikilisiya ko na ofis ne a hannunka, kai da kanka ka nemi a ɗaure ka. A ƙirga baiko mutum biyu ko uku, a rubuta, a sa hannu, a kai banki washegari. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka, don kada wani ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Ma'ajin da ke jin haushi in an ce a duba littafi, a yi masa addu'a, a kuma duba littafin.

Abu ɗaya kuma: kada ka share ɗaki ka bar shi wayam. Yesu ya yi gargaɗi a kan ruhun da ya dawo ya tarar da gida a share ba kowa, ya kwaso waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta (Matiyu 12:43-45). Lokacin da ka ƙwace daga shagon caca, zuba shi a koyon sana'a, ko ƙungiyar bishara, ko ƙwallo da yaran unguwa.

Sa'ad da abin ya taso: wani a guje masa, wani a tsaya masa

Mutane da yawa suna juya wannan. Littafi Mai Tsarki ya ce a guji fasikanci (1 Korantiyawa 6:18), a guji sha'awoyin ƙuruciya (2 Timoti 2:22), a guji son kuɗi (1 Timoti 6:9-11). Amma game da Iblis cewa ya yi a yi tsayayya da shi, shi ne zai gudu (Yakubu 4:7). Mu kuwa sai mu zauna a ɗaki ɗaya da abin sha'awa muna "ɗaure" shi da addu'a, sa'an nan in mun yi mugun mafarki mu ruga a guje wurin mai magani.

Yusufu bai tsaya yi wa matar Fotifar wa'azi ba a ranar da ta kama rigarsa. Ya bar mata rigar ya fita waje (Farawa 39). Ya sha kurkuku a kai, amma ya fita da amincinsa. Kai ma tashi da ƙafarka. Fita daga ɗakin, ajiye wayar, je inda mutane suke. Yi gajeriyar addu'a da bakinka, ko da "Yesu, ka taimake ni" ce kawai. Kira mutumin da za mu yi maganarsa a ƙasa. Sha'awa takan yi ƙarfi ta kuma sauka, in ba a ciyar da ita ba. Abin da ake so shi ne ta sauka kana wani wuri dabam.

Ga ƙarya da zargi da tsoro kuwa, gudu ba ya magani, domin suna binka har kan gado. Nan takobi ake zarewa.

Tanadi Maganar Allah tun kafin ranar

A jeji, bayan azumin kwana 40, sau uku Iblis ya zo wa Yesu, sau uku kuma Yesu ya amsa da "A rubuce yake" (Matiyu 4:1-11). Duka amsoshin daga littafi ɗaya suka fito, Maimaitawar Shari'a 8:3, 6:16 da 6:13, kuma kowace ta dace da abin da aka kawo masa. Ba ya buɗe littafi a jeji. Suna cikin kansa.

Koma ga takardar da ka rubuta, ka nemo ayoyi biyu ko uku da suka yi daidai da tsagarka. Mai fushi ya riƙe Afisawa 4:26-27, inda aka haɗa kwana da fushi da ba Iblis ƙofa. Mai damuwar kuɗi ya riƙe Ibraniyawa 13:5. Mai tsoron dare ya riƙe 1 Yahaya 4:4 da Zabura 121. Wanda tsohon zunubi ke hana shi barci ya riƙe Romawa 8:1. Haddace su da harshen da kake addu'a da shi. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu da yawa da shi suka koyi karatu, yau kuma yana cikin waya har da na sauraro. Rubuta ayar a ƙaramar takarda, karanta ta da safe da ƙarfi, maimaita ta a kan babur ko a bakin murhu. Wanda karatu ke masa wuya, waƙoƙin sujada da ya iya tun yana yaro za su yi masa wannan aiki.

Amma a kula, Iblis ma ya iya aya. A kan tsororuwar Haikali Zabura 91 ya jawo wa Yesu. Shi ya sa ba kowane mai cewa "Ubangiji ya ce mini" za ka bi ba. 1 Yahaya 4:1 ya ce a gwada ruhohi. Duk wahayin da ya ce ka saki matarka, ko ka daina gaida mahaifiyarka, ko ka kawo kuɗi kaza kafin a karya maka la'ana, ka auna shi da abin da Bitrus ya faɗa wa Saminu mai sihiri da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:18-20).

Makaman da Bulus ya lissafa a Afisawa 6:10-18 ma, in ka duba, yawancinsu halin yau da kullum ne: gaskiya ce ɗamara, adalci ne sulke, bangaskiya ce garkuwa. Wanda ya yi ƙarya a kasuwa da rana ya kwance ɗamararsa da kansa, ko da ya furta ayar sau goma da dare.

Mutum ɗaya da ya san gaskiyarka

Zunubi yana ƙiba ne a ɓoye. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna laifofinmu, mu yi wa juna addu'a. Ba a ce ka miƙe a gaban taron Lahadi ba. Nemi mutum ɗaya, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda ya girme ka a bangaskiya kuma bakinsa yana da marfi. Ɗan Katolika yana da fada da zai je wa. Wanda ke ikilisiyoyi irin su ECWA ko COCIN ko EYN ko HEKAN yana da fasto da dattawa, ko da yake, gaskiya, ba kowane dattijo ne ke iya riƙe magana ba, sai an zaɓa. Ka ce masa, "Baba, ga abin da nake fama da shi. Ina roƙo ka riƙa tambayata kowane mako, kada ka ji nauyina." Ka kuma ba shi izinin kiranka a lokacin da takardarka ta nuna kana yawan faɗuwa.

Kada kuma ka janye daga sujada don kana jin ƙazanta. Wannan jin shi ne ainihin abin da magabci ke so ya yi amfani da shi ya ware ka.

Tsoron dare, da jarrabar zuwa wurin boka

A ganina wannan ce jarrabar da muka fi ɓoyewa. Mutum yana cin Jibin Ubangiji, amma akwai laya a ƙarƙashin matashi, ko guru a ƙugu, ko wani abu da aka binne a ƙofar shago. A garuruwan da ake kai hari, samari masu baftisma suna shan maganin bindiga. Ba mugunta ce ke kai su ba, tsoro ne. Amma Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta duba da sihiri da tambayar matattu ba tare da togiya ba.

In kana da irin wannan kaya, kada ka tsaya jiran wani babban taro. Faɗa wa fastonka, ku yi addu'a, ka furta da bakinka cewa ka rabu da shi, a ƙone. Haka masu bi na Afisa suka yi da littattafansu na sihiri a gaban jama'a, waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:18-19). A surar nan kuma akwai 'ya'yan wani firist su bakwai da suka ɗauki sunan Yesu kamar laƙani, ba su san shi ba, mai aljanin ya yi musu dukan da suka fita tsirara. Kwalbar mai ko ruwan da aka saya wurin "annabi" aka rataye a ƙofa, in a kanta zuciyarka ta dogara, laya ce da ta canja riga.

In ka farka a firgice, kunna fitila, zauna, karanta Zabura 27 ko 91 a bayyane, yi addu'ar Ubangiji har inda ta ce "Kada ka kai mu wurin jarraba, amma ka cece mu daga Mugun," ka koma ka kwanta. Ba sai ka kwana kana faɗa da duhu ba. Kolosiyawa 2:15 ya ce a kan gicciye aka riga aka tuɓe wa ikoki makamansu.

Abubuwa biyu nake roƙo a nan. Kada mafarki ya sa ka nuna wata tsohuwa ko wani maraya ka ce maye ne. An raba gidaje, an kori gwauraye, an azabtar da yara a kan irin wannan zargi, kuma mai ƙarar 'yan'uwa ne kaɗai ya ci riba. Na biyu, wanda ke faɗuwa yana kumfa, ko ya yi makonni ba barci, ko yana jin muryoyi, ko yana maganar kashe kansa, a yi masa addu'a a kuma kai shi asibiti a ranar. Farfaɗiya tana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Ɗaure mara lafiya da sarƙa a ɗakin addu'a zalunci ne.

Ramuwa

Wanda aka ƙona wa gida ko aka kashe wa ɗan'uwa, jarrabarsa dabam ce, kuma wanda bai ɗanɗana ba ya yi magana a hankali. Tsare gari da kai ƙara ga hukuma ba laifi ba ne. Abin da Romawa 12:19-21 ya hana shi ne ɗaukar fansa da hannu, da barin mugunta ta rinjaye ka har ka tare matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi kusa da Mubi, yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a shekarar ma 'ya'yan wannan ikilisiya ne, duk da haka shugabanninta suka ci gaba da koyar da salama. A 2018 kuma, sa'ad da aka kai hari, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Riƙe irin waɗannan a rai, domin ƙaryar da Shaiɗan ke sayarwa a lokacin makoki ita ce "dukansu ɗaya ne." Fara da abin da za ka iya: daina tura hotunan gawarwaki a waya, tashi daga majalisar da ake kitsa ramuwa, kai kukanka gaban Allah da zafinsa yadda masu Zabura suka yi.

In ka faɗi

Kada ka ce tunda an riga an jiƙe bari a yi wanka. Tashi a ranar. Furta wa Allah abin da sunansa, ba "in na yi kuskure" ba, ka riƙe 1 Yahaya 1:9. Ka iya bambanta muryoyi biyu: Ruhu Mai Tsarki yana nuna laifi takamaimai ya ce ka dawo, mai zargi kuwa cewa yake kai munafuki ne, ba amfanin komawa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka kuma maido shi aka ba shi kiwon tumaki (Yahaya 21). Yahuza ya yi nadama, amma bai komo ba.

Sa'an nan ka gyara abin da ke gyaruwa. Kuɗin da ka ci, zauna da mai shi ku tsara yadda za ka biya, ko da kaɗan-kaɗan ne kowane wata. Wanda ka ɓata wa suna, koma wurin waɗanda ka faɗa wa ka janye maganar. In ikilisiya ta sa ka a horo, kada ka tsallaka wata majami'a inda ba a san ka ba, zauna ka cika shi. Kira mutumin nan naka kafin kwana ya zagayo ka gaya masa. Daga nan ka ɗauko takardarka, ka ƙara wannan faɗuwar a ƙasan sauran da lokacinta da wurinta, ku duba tare wace ƙofa ce aka bari a buɗe.